Babi na Uku: Libarbar Ɗuri da Albarushinta

Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya san wannan warin. 'Yan bindigar Sarki za su ɗaga adaka sama, ka ji ƙara kamar tsawa, farin hayaƙi ya turnuƙe, dawakai su yi ta zabura, warin farar wuta ya daɗe a hanci bayan mahaya sun wuce. Wannan albarushin da ke cikin adaka, shi ne dai wanda masu wasan harbi a Amurka da Faransa da Jamus da Italiya suke ɗurawa a cikin wata ƙaramar bindiga da ta fi shekara ɗari da hamsin da tsufa a tsari, wato libarbar ɗuri. Ba a saka mata harsashi haɗaɗɗe irin na zamani. Kowane rami nata sai mutum ya zuba masa albarushi da hannunsa, ya danna dalma a kai, ya sa hular wuta a baya, sannan ta zama bindiga.

Sabon shiga wannan fage yakan fara da ido. Ya ga wadda ta fi ƙyalli, ko wadda ya gani a hannun jarumin fim, sai zuciyarsa ta tsaya a kanta. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne, ido ne ƙarshen wanda ya kamata a yi shawara da shi. Doka ce farko, sai ƙarfen da aka yi bindigar da shi, sai albarushin da za a iya samu, sannan kyan gani ya zo daga baya.

Asalinta

Kafin ƙarni na goma sha tara, bindiga da ƙanƙara take tashi: dutse ya kartsi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. In aka yi ruwa ko raɓa ta sauka, sai ta ƙi. A 1807 wani limamin coci ɗan Sukotlan mai suna Alexander Forsyth ya yi rajistar dabarar tayar da albarushi da sinadarin da ke kamawa in an buge shi. Daga wannan dabara aka samu hular wuta, 'yar ƙaramar hula ta jan ƙarfe da ba ta kai ƙwayar masara ba, wadda ake kifawa a kan wani ɗan tsini mai huda da ake kira nono. Guduma ta faɗa mata, wuta ta bi hudar ta isa ga albarushi.

Samuel Colt, haifaffen garin Hartford a Amurka, shi ya haɗa wannan hula da ganga mai juyawa, ya sami rajistar ƙirarsa a 1836. Bindigarsa ta farko, wadda aka yi a garin Paterson, ramuka biyar gare ta, kuma ba ta yi kasuwa ba, har kamfanin ya durƙushe a 1842. Abin da ya tashe shi shi ne yaƙin Amurka da Meziko. A 1847 ya haɗa kai da Kyaftin Samuel Walker na dakarun Texas suka fitar da wata ƙatuwar libarba mai ramuka shida, nauyinta ya haura kilo biyu, aka yi guda 1,100 kacal. Daga nan sai samfurin 1851 da ake kira Navy, sai na 1860 da ake kira Army. Kamfanin Remington kuma ya fito da tasa, wadda ake laƙaba wa shekarar 1858 saboda rajistar da ke rubuce a jikinta. Waɗannan su ne suka cika hannun sojoji a yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865. Zamaninsu bai yi tsawo ba. Zuwa 1873 harsashi haɗaɗɗe ya karɓe fage.

Waɗanda ake sayarwa yau kusan duk kwaikwayo ne, kuma yawancinsu daga arewacin Italiya suke fitowa, daga yankin Brescia da ya daɗe da shahara a ƙirar bindiga. Aldo Uberti ya kafa kamfaninsa a 1959, daidai lokacin da Amurkawa ke shirin cika shekara ɗari da yaƙin basasarsu, kuma ana neman irin waɗannan bindigogi ruwa a jallo. Kamfanin Pietta ya biyo baya ba da daɗewa ba. Sunayen nan biyu su sabon shiga zai fi cin karo da su a kanti. Tsohuwar ta asali kuwa, wadda ta ga yaƙi, wurinta gidan tarihi ko akwatin mai tara kayan da. Ƙarfen da ya shekara ɗari da sittin ba abin koyon harbi ba ne.

Doka kafin kuɗi

Ƙasa ƙasa ce, kowace da hukuncinta. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta sa irin wannan bindiga a sahun kayan tarihi, amma jihohi da birane suna da nasu sharuɗɗan, wasu masu tsanani. A Faransa baligi yana iya sayenta ba tare da lasisin bindiga ba, sai dai yawo da ita a jiki ba da dalili ba laifi ne. A Birtaniya, inda aka haramta yawancin ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, an bar libarbar ɗuri, amma sai da takardar izinin mallakar bindiga, kuma baƙin albarushi yana da tasa takardar daban.

A Najeriya maganar ta sha bamban, kuma wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan da kyau. Dokar bindigogi ta 1959 ta ware adaka da ire-irenta na ɗuri a wani rukuni da ake neman izininsa a hannun 'yan sanda. Amma libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu suna cikin rukunin haramtattu, waɗanda ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma kasancewarsu na ɗuri bai fitar da su daga wannan rukuni ba. Saboda haka Bahaushen da ke zaune a Faransa ko Amurka ya shiga ƙungiyar harbi, abin da aka halatta masa a can ya tsaya a can. Wanda ya sa ta a jaka ya nufo gida ya ɗauko wa kansa ɗauri.

Colt ko Remington

In ka ajiye su biyun a kan tebur, bambancin farko a bayyane yake. Colt a buɗe take ta sama: ganga tana zaune a kan wani kauraren sanda, bututu kuma yana haɗe da sandan ta hanyar wani ɗan ƙarfe mai kama da tsinke da ake cusawa ta gefe. Remington kuwa firam ɗinta zobe ne cikakke, ƙarfe ya kewaye gangar sama da ƙasa, bututun kuma a ɗaure yake a jikinsa.

Kowanne tsari da amfaninsa. Colt tana da daɗin riƙo, musamman Navy, wadda maharba da yawa ke cewa ba a yi libarbar da ta fi ta zama a tafin hannu ba. Sandan gangarta mai kauri yana ɗaukar maiƙo, don haka tana jure dattin albarushi, ta daɗe tana juyawa. Amma wurin saitinta na baya ɗan tsagi ne a bakin guduma, kuma tana yawan kai dalma sama da inda aka auna a gajeren zango. Ga kuma ɓaraguzan hular da ta fashe, waɗanda kan faɗa cikin injinta su cije.

Remington tana da tsagin saiti a saman firam, inda ba ya motsi. Ana zare gangarta cikin ɗan lokaci ba tare da kwance bututu ba, abin da ke sauƙaƙa wanki. Tsakanin ramukanta akwai tsagogin da ake kwantar da guduma don kada ta zauna a kan hula. Aibinta shi ne siririn sandan gangarta yana saurin ɗaukar datti, bayan an juye ganga biyu ko uku sai ka ji ta fara nauyi, sai an zare an goge an shafa mai.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan bindiga ba, Remington mai firam na baƙin ƙarfe ita ce zaɓin da ba a cika yin nadama a kansa ba. Ta fi sauƙin saiti, ta fi sauƙin wanki, ta fi yafe kuskuren ɗan koyo. Wanda tarihi da daɗin riƙo suka fi jan hankalinsa ya ɗauki Navy ta baƙin ƙarfe, ba zai yi asara ba. Ƙatuwar libarbar Walker kuwa a bar ta sai hannu ya faɗa. Nauyinta yana gajiyar da damtse, sandar danna dalmarta takan faɗo in an harba, kuma tana cin albarushi ninki biyu na sauran.

Tagulla mai ɗaukar ido

A kowane kanti, mafi araha kuma mafi ƙyalli ita ce mai firam na tagulla. Tana da tushe a tarihi: a lokacin yaƙin basasa, jihohin Kudu sun yi ƙarancin ƙarfe, sai masana'antu irin su Griswold da Gunnison a Jojiya suka koma tagulla. Larura ce ta sa su, ba zaɓi ba. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe laushi. Duk harbi gangar tana dukan bayan firam, kuma in ana cika mata albarushi, a hankali sai firam ɗin ya saki, ganga ta fara lilo, saiti ya lalace. Wanda ya riga ya saye ta ya riƙa yi mata ɗuri mai sauƙi, za ta yi masa shekaru. Wanda bai saya ba tukuna ya ƙara ɗan abin da ya rage ya ɗauki ta ƙarfe. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta ƙarko.

Sai maganar faɗin baki. Lamba biyu ce ta fi yawa: .36 da .44, wato kusan milimita 9 da milimita 11. Ta .36 ba ta da ture hannu sosai, tana cin albarushi da dalma kaɗan, kuɗin kowane harbi ya fi sauƙi. Ta .44 ta fi ƙara da hayaƙi, kuma a wurare da yawa an fi samun kayanta. Takardar saiti ba ta san bambancinsu ba. Tambayar da za ka yi ita ce wace dalma ce kantin da ke kusa da kai yake ajiyewa kullum.

Dalmar kanta mulmulalliya ce, tsantsa mai laushi, kuma dole ta ɗan fi bakin ramin faɗi. Ga .44 akan yi amfani da mai lamba .451 ko .454, ga .36 kuma .375 ko .380, gwargwadon abin da littafin bindigar ya faɗa. In ka danna ta da sandar da ke ƙarƙashin bututu, bakin ramin zai aske mata siririn zobe. Wannan zoben shi ne shaidar cewa ramin ya toshe ruf. Hula ma lamba gare ta, 10 da 11 su ne sanannu, kuma lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. Wadda ta zauna daram a kan nono ba tare da an matse bakinta ba, ita ce taka.

Albarushi: inda rai yake

Ga jumlar da ta fi kowace muhimmanci a wannan babi. Ba a taɓa zuba albarushin zamani marar hayaƙi a cikin bindigar ɗuri irin wannan, komai ƙanƙantarsa. Wannan albarushi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fitar a 1884, yana haifar da matsin da ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Ganga za ta tarwatse a hannun mai harbi. Kuma launi ba hujja ba ne, domin albarushin zamani da yawa baƙi ne ko toka-toka a ido. Abin dogaro kawai shi ne rubutun da ke jikin gwangwanin kamfani wanda ba a sauya masa mazubi ba. Garin da wani ya ba ka a kwalba ko a leda, ko da amininka ne, kada ya shiga bindigarka. Haka nan wanda aka haɗa a gida ko aka farke daga kayan wasan wuta.

Baƙin albarushi na gaskiya haɗin abu uku ne da duniya ta sani tun daga Sin ta da: gawayi, farar wuta da gishirin naitiret. Ana sayar da shi bisa girman ƙwayarsa, da harafin F. Mai F ɗaya shi ne mafi gauri, na manyan bindigogi. Mai F biyu na dogayen bindigogi masu faɗin baki. Mai F uku, wanda ake rubutawa FFFg, shi ne na libarba. Mai F huɗu gari ne lilis, na kaskon bindigar ƙanƙara, ba a yin ɗuri da shi. Dalilin wannan rabo a fili yake: ƙaramar ƙwaya ta fi saurin ci, kamar yadda ƙirare ke riga gungume kamawa, kuma gajeren bututu yana son mai saurin ci daidai gwargwado. Sunayen da aka fi sani su ne Goex na Amurka, Swiss na Suwizalan, da Schuetzen da ake yi a Jamus.

Saboda doka tana ɗaukar baƙin albarushi a matsayin abin fashewa, ajiye shi da safararsa suna da wuya, kantuna da yawa ba sa sayarwa. Wannan ya sa aka ƙirƙiro madadinsa. Pyrodex na kamfanin Hodgdon ya fito a tsakiyar shekarun 1970, kuma mai harafin P shi ne na libarba. Daga baya kamfanin ya fitar da Triple Seven, wanda ya fi ƙarfi, har ana rage kusan kashi 15 cikin ɗari na awo in ana son ya yi daidai da baƙin albarushi. Madadin ya fi wuyar kamawa da ɗan kaɗan, kuma bai raba ka da wanki ba. In dokar wurinka ta ba ka dama kuma akwai shi a kusa, fara da baƙin albarushi mai F uku, domin shi aka ƙera bindigar dominsa, kuma shi ya fi saurin amsa hula. In babu, Pyrodex P ya wadatar.

Ana auna ɗuri da ma'aunin da ake kira giren, wanda guda 7,000 ke cika laba ɗaya. Amma a aikace da ɗan mudu na tagulla ake awo, wato da cika ba da nauyi ba, kuma wannan ya fi zama dole ga madadin, tunda Pyrodex ya fi baƙin albarushi rashin nauyi. Masu harbin takarda sukan tsaya wajen giren 15 zuwa 20 a .36, da 20 zuwa 30 a .44, amma littafin da ya zo da bindigarka shi ne alƙali, kuma daga ƙasa ake farawa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri ɗaya, ido bai san kima ba. Kuma ba a zubawa kai tsaye daga babban mazubi zuwa cikin ganga: in akwai ɗan garwashi da ya saura a rami, duk abin da ke hannunka zai tashi. Daga mazubi zuwa mudu, a rufe mazubi, sannan daga mudu zuwa rami.

Abubuwa uku da ke cizon ɗan koyo

Na farko, sarari tsakanin albarushi da dalma. Dole dalma ta zauna a kan albarushi ba tare da iska a tsakani ba. In ɗurin kaɗan ne har sanda ba ta kai ba, ana cike gurbin da ɗan fefen ulu mai maiƙo.

Na biyu, tashin ramuka da yawa a lokaci guda. Wutar rami ɗaya takan tsallaka zuwa maƙwabcinsa, ko ta gaba in dalma ba ta toshe da kyau ba, ko ta baya in hula ta yi sako-sako ko ta faɗi. Maganinsa dalma mai aske zobe da hula mai kama nono, sannan fefe ko maiƙo a bakin rami. Shi ya sa kuma hannu ba ya taɓa wuce gaban ganga lokacin harbi.

Na uku, jinkirin tashi. Guduma ta faɗa, shiru. Kada ka juyo da bindigar don ka leƙa. Riƙe ta tana kallon wurin saiti, ka ƙirga aƙalla rabin minti, domin wuta takan yi tafiyar hawainiya ta isa daga baya. Hula ita ce ƙarshen abin da ake sawa, a kan layin harbi, baki yana kallon gaba. Gilashin kare ido da abin toshe kunne ba a harbi sai da su, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci, saboda dalma guba ce mai taruwa a jiki.

Wanki

Dattin baƙin albarushi yana jan laima daga iska, kuma gishirin da ke cikinsa yana cin ƙarfe. Bindigar da aka harba da yamma aka ajiye ba wanki, tana iya wayar gari da tsatsa, balle a wuri mai damshi. Maganin ba shi da tsada: ruwan zafi da sabulu. A zare ganga, a kwance nonuwa, a wanke bututu da ramuka har tsumma ya fito fari, a busar sarai, a shafa mai. Wanda ya san ba zai iya ba da rabin sa'a ga wannan aiki duk ranar da ya yi harbi ba, gara ya nemi wani wasan. Albarushi kuma a bar shi a gwangwaninsa, nesa da zafi da wuta, hula a wani wuri daban, duka a kulle inda yaro ba zai kai ba.

Ka nemi na gaba da kai

Akwai ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan harka. A Amurka ƙungiyar masu bindigar ɗuri ta ƙasa ta kafu tun 1933, kuma tana taronta a garin Friendship na jihar Indiyana. Kwamitin duniya na wannan wasa, MLAIC, yana shirya gasa inda ake harbin libarba a nisan mita 25, harbi goma sha uku cikin rabin sa'a, a ƙirga goma mafi kyau. Ka lura da lissafin: fiye da minti biyu ga kowane harbi. Wasa ne na natsuwa, kuma duk mai gaggawa zai gane ba nasa ba ne tun a ranar farko.

Littafi yana iya gaya maka lambar dalma da awon albarushi, amma ba zai iya kama hannunka ya nuna maka yadda dalma ke ji in ta zauna daidai ba. Wannan sai a wurin wanda ya riga ka. Saboda haka, mai karatu, kafin ka fitar da ko sisi, ka san dokar ƙasar da kake zaune, ka je filin harbi mai rajista, ka tsaya bayan wani dattijo ka ga yadda yake ɗuri daga farko har ƙarshe, ka tambaye shi inda yake sayen albarushinsa. In ka yi haka sau biyu ko uku, sannan ka shiga kanti ka nemi ta baƙin ƙarfe.